Ruwan romarin: mi ke cikin kwalbar da ake feshe mana fuska da ita?



Duk mai lambobin mata a cikin wayarsa ya san kwalbar da za mu yi magana bisa kanta. 'Yar ƙarama ce mai bakin feshi, an rubuta mata "hydrolat de romarin", wani zubin da hoton wani ganye mai kama da allura. Ka buɗe WhatsApp ka gan ta, ka leƙa TikTok ka gan ta, ka je gidan suna a fiddo ta daga jaka. Mai talla za ta ce miki tana tsiro da gashin gaban kai, tana kashe ƙuraje, tana goge tabo, tana hana tsufa, tana ƙara wa ɗan lakwal basira. Idan kika yi jim, sai ta ƙara da cewa ai likitocin Turai sun yi bincike sun tabbatar.

Mun daɗe muna jin wannan, kuma saƙonninku sun yi ta shigowa kuna tambaya. Ra'ayinmu dai shi ne ruwan romarin abu ne mai kyau, yana da ɗan aikin da yake yi da gaske, amma an ɗora masa kayan da ba nasa ba. Kuma akwai wata matsala da masu talla ba su cika ambata ba, wadda a ƙasa irin tamu ta fi duk sauran muhimmanci. Za mu zo gare ta.

Bari mu fara da ganyen. Romarin, wanda masu Ingilishi ke cewa rozmari, Larabawa kuma iklilul jabal, tsiro ne na ƙasashen bakin tekun Bahar Rum. A Maroko da Tunisiya da Sifen yana fitowa da kansa bisa duwatsu kamar yadda sabara take a dajinmu. A gabashin Maroko, wajen Jerada da Tawrirt, akwai ƙungiyoyin ƙauyawa da sana'arsu ke nan, su yanko shi su shanya su saida. Daga waɗannan ƙasashe ukun ne mafi yawan man romarin na kasuwar duniya yake fitowa.

To yaya ake samun man, kuma ina ruwan ya fito? Ana cusa ganyen cikin wata babbar tukunya, a tura masa tururi daga ƙasa. Tururin ya kwashe ƙamshin ya bi ta wani bututu da ke cikin ruwan sanyi, ya huce ya koma ruwa, ya dinga ɗiga cikin wani mazubi. A nan abin yake rabuwa biyu. Mai ya taso sama, a kwashe shi a hankali, shi ne mai tsada, don kilo ɗari na ganye bai cika ba da abin da ya wuce kilo ɗaya zuwa biyu na mai ba. Ruwan da ya rage a ƙasa, mai ɗauke da ɗan ƙamshin da ya narke a ciki, shi ne wannan da ake zuba mana a kwalbar feshi. Wanda ya san ruwan wardi ya riga ya san irin abin, don hanyar ɗaya ce. Kuma sana'ar tsohuwa ce a duniyar Musulmi: malamin nan Alkindi ya rubuta littafi bisa haɗa turare da tace shi da tururi a Bagadaza tun ƙarni na 9, kuma har gobe matan Fas a Maroko da na Nabel a Tunisiya suna tace ruwan furen lemu a gidajensu idan lokacinsa ya zo.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne yawan abin da ke cikin ruwan. A lita guda, sinadaran ƙamshin galibi ba su kai giram ɗaya ba. Sauran duka ruwa ne. Wannan shi ya sa yake da sauƙi ga fata, ba ya ƙona ta kamar yadda tsantsar man ke yi idan an shafa shi ba a sirka ba. Kuma wannan ɗin dai shi ya sa ba zai iya aikin da man ke yi ba. Romon da aka tsame nama daga ciki yana da daɗi, amma ba wanda zai ce ya ci nama.

Yanzu ga binciken nan da ake ta yi mana kirari da shi. Akwai shi, ba ƙarya ba ne. An buga shi a 2015, a Iran aka yi shi, da maza 100 masu sanƙon gado. Aka raba su biyu, rabi suna shafa man romarin, rabi suna shafa maganin farmasi da ake kira minoksidil mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari. Bayan wata uku ba wani canji na a zo a gani a ɓangarorin biyu. Bayan wata shida aka ƙirga gashi aka ga ya ɗan ƙaru a duka biyun, kusan daidai. Shi ke nan labarin. Ku lura da abubuwa uku. Mai aka gwada, ba a gwada ruwan ba. Maza aka gwada, masu wani irin sanƙo guda. Sannan babu rukuni na uku da aka ba man banza wanda ba komi a ciki, balle a san ko murza fatar kai safe da yamma tsawon wata shida shi kaɗai ma zai kawo irin wannan canjin. Ƙari bisa haka, minoksidil ɗin da aka fi ba maza mai ƙarfin kashi 5 ne, wato da ƙaramin aka yi gasar. Daga wannan ɗan binciken zuwa cewa feshin ruwa zai mayar wa mace gashin gabanta cikin sati uku, tafiyar ta fi daga Yamai zuwa Difa.

Haka maganar basira. A jami'ar Northumbria da ke Ingila an yi wani gwaji da aka buga a 2012, da mutum 20 kacal. An zaunar da su a ɗaki mai ƙamshin man romarin, aka ba su lissafi, sannan aka ɗebi jininsu. Waɗanda aka samu wani sinadari mai suna siniyol da yawa a jininsu sun fi sauri da dacewa a wasu daga cikin lissafin. Abin sha'awa ne, amma mutum ashirin ne, kuma nan ma mai ne. Siniyol ɗin nan ba baƙo ba ne gare mu, shi ne ƙamshin da kake ji idan ka murza ganyen itacen turare, shi ya sa romarin na Maroko da Tunisiya idan ka shinshina shi sai ka tuna da man zafin da ake shafa wa mai mura. Na Sifen kuma ya fi ɗauke da kafur. Cewa ƙamshi mai kaifi yana wartsakar da mutum, wannan kakanninmu ma sun sani. Cewa zai sa yaron da bai yi karatu ba ya ci jarrabawar bak, wannan kam sai dai a gaya wa wani.

Akwai wata dabara ta uku da ake yi a rubuce-rubucen talla, ita ce ta fi wuyar ganewa. Za a ce romarin yana da sinadarai masu kare fata daga lalacewa da tsufa, a ambaci asid rozmarinik da asid karnosik. Gaskiya ne ganyen yana da su, har ma a Tarayyar Turai ana sa abin da aka tatso daga gare shi cikin abinci don hana mai yin ɗoyi, da lamba E392. Sai dai waɗannan sinadaran biyu masu nauyi ne, ba su tashi da tururi. A cikin tukunya suke zama tare da dafaffen ganyen. Ba su isa kwalbar feshi ba. Abin dariya ma, wadda ta tafasa ganyen a gida kamar shayi ta tace, ruwanta ya fi na kwalbar ɗaukar asid rozmarinik ɗin, ko da yake nata ba ya wuce 'yan kwanaki ko a cikin firji.

To mi ruwan ke yi ke nan, tunda mun ce yana da kyau? Yana sanyaya fuska da fatar kai, kuma wanda ya yi yini a kasuwar Dole ko ya hau kabu-kabu a watan Afrilu ba sai an yi masa bayanin darajar wannan ba. Mai fuska mai maiƙo idan ta jiƙa auduga da shi ta goge bayan wanka, yana ɗauke ragowar maiƙo da ƙura ba tare da busar da fatar ba. Yana da ɗan tsami-tsami kusa da irin wanda fatar mutum take da shi, alhali sabulu, har da sabulun salo da muke yabo, ɓangaren kanwa yake, shi ya sa fuska ke ɗaurewa bayan an wanke ta. Mai kitso da zai yi sati biyu ko uku a kai tana iya fesa shi tsakanin layukan don rage zafi da warin gumi. Ana kwaɓa lalle ko farar ƙasa ta gyaran fuska da shi maimakon ruwa. Ana fesa shi a ɗaki ko bisa labule ga wanda hayaƙin turaren wuta ke tayar wa da fuka, ko da yake shi ma sai a fara da kaɗan a gani. Waɗannan ayyuka ne na gaskiya. Ƙanana ne, kuma idan kuɗinsu aka biya, ba a cuci kowa ba. Lokacin ɗari dai a tuna cewa ruwa ne, yana bushewa ya bar fata yadda ya same ta ko ma fiye, sai an bi shi da man kaɗe ko wani mai.

Mun iso ga matsalar da muka ce ta fi komi. Wannan ruwa yana lalacewa. Tsantsar mai yana iya shekara biyu ko uku ba abin da ya same shi, don ƙwayoyin cuta ba su rayuwa a cikinsa. Ruwan kuwa ruwa ne mai ɗan abincin tsiro a ciki, kuma na asalin ba a sa masa maganin hana lalacewa. A ƙasashen da ake yin sa, inda sanyi ke taimakonsu, shawarar da ake bayarwa ita ce a ajiye shi a firji ko wuri mai sanyi da duhu, a gama da shi cikin 'yan watanni bayan an buɗe. To mu fa? Mu da zafi ke wuce digiri 40 a bazara, wuta ta tafi ta dawo ta sake tafiya, kaya su kwana bisa hanya cikin mota, su yini a tebur gaban shago rana na dukan su?

Sannan ga yadda ake kasuwancin. Ba duka ba, amma da yawa suna sayo babbar jarka, su dinga ɗura shi a ƙananan kwalaben roba a tsakar gida, da mazurarin da aka ɗauraye da ruwan randa, da hannu ba safa. Babu ranar da aka tace shi a jiki, babu ranar ƙarewa, babu sunan ƙasar da ya fito. Kwalbar da ba ta ƙare ba wannan watan ita za a saida wata mai zuwa. Kuma ruwan da ƙwayoyin cuta suka fara yaɗuwa a ciki ba lalle ne ya nuna a ido ba tun da fari. Sai daga baya ne zai yi gauraye, ko ka ga wani abu kamar zaren auduga yana yawo a ƙasa, ko ƙamshin ya juya ya koma tsami ko warin rima. Kafin nan an riga an fesa shi a fuska sau ɗari, kusa da ido, bisa ƙurajen da aka matse.

A nan ne maganar ta haɗu da wadda ba mu son yi a fili, wato shafe-shafen canza launin fata. Kowa ya san wace ce ta fi neman abin gyaran fuska da gaggawa: wadda mayukan bilicin suka riga suka cinye wa fata. Yawancin waɗannan mayukan suna ɗauke da kortikoyid ko hidrokinon, wasu har da zaiba. Kortikoyid idan an daɗe ana shafawa yana sirantar da fata, ya rage mata ƙarfin kare kanta, shi ya sa ƙuraje da kyasbi ke samun wurin zama. Irin wannan fatar ce ake cewa a fesa wa ruwan da ya yi wata huɗu a rana. Idan abin ya ɓaci kuma ba wanda zai zargi kwalbar, tunda an ce na ganye ne, sai a ce sammu ne ko kambun baka.

Ga kuma jinkirin zuwa likita, wanda shi ne asarar da ba ta dawowa. Gashin gaban kai da yawancin matanmu ke kuka da shi, kitso mai tsauri da ƙarin gashi mai nauyi ne ke tuge shi. Idan aka sassauta da wuri yana dawowa da kansa. Idan aka ci gaba da ja shekara da shekaru, saiwar ta mutu, wurin ya yi santsi, babu mai ko ruwan da zai tashe ta. Wadda ke fesa romarin da safe ta je gidan kitso da yamma a ɗaure mata kai har idonta ya ɗage, kuɗinta kawai take zubarwa. Maijego kuma gashinta kan zuba wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, ya tsaya da kansa kafin yaron ya shekara. Idan ta fara feshi a tsakiyar wannan lokacin, dole ta rantse ruwan ne ya yi mata aiki, kuma ba ƙarya take nufi ba, abin da ta gani take faɗa. Da yawa daga cikin shedun da ake turo mana a murya irin wannan ne. Wata kuma ƙarancin jini ne ke zubar mata da gashi, gwajin jini da ƙwayar ƙarin jini take bukata. Yaro mai makero a kai maganin sha yake bukata na makonni, na shafawa kaɗai ma ba ya isa, balle feshin ƙamshi, kuma yana nan yana raba wa 'yan ɗakinsu.

Tunda mun ambaci yara, a yi hattara da abu guda. Man romarin yana da kafur, kuma kafur idan ya yi yawa a jikin ƙaramin yaro yana iya sa shi jijjiga. Saboda haka ake hana tsantsar man ga jarirai da masu farfaɗiya da mata masu ciki. Ruwan ya fi man rauni nesa ba kusa ba, amma mu dai ba mu ga dalilin fesa shi a fuskar jinjiri ba, kuma ba mu yarda da masu cewa a sha ba, musamman daga kwalbar da ba a san inda ta fito ba.

Wani zai ce to ai ko asalin ma ba shi ake kawo mana ba. Wani lokacin haka ne. Abu ne mai sauƙi a zuba ruwa, a ɗiga turare, a sa wani sinadari mai haɗa mai da ruwa, a liƙa takarda. Akwai 'yan alamu. Girgiza kwalbar: na asali kumfarsa tana mutuwa nan take, na haɗi takan daɗe kamar an sa sabulu. Na asali fari ne kamar ruwa ko da ɗan hazo kaɗan, idan kin ga kore shar to kala aka zuba. Ƙamshinsa kuma ba mai tashi ba ne, yana da ɗan warin dafaffen ganye, har wasu ba su son sa da farko. Sannan a juya bayan kwalbar a karanta jerin abin da ke ciki. Idan an rubuta "Rosmarinus officinalis leaf water" a farko, an kama hanya. Idan "Aqua" da "Parfum" ne suka buɗe jerin, ruwan turare ne kika saya. Idan kuma kin ga an ƙara wani maganin hana lalacewa a ƙarshen jerin, kada ki ɗauke shi aibi. A yanayinmu wannan kwalbar ta fi wadda ke alfahari da cewa ba a sa mata komi ba aminci.

Ba mu rubuta wannan don mu kashe wa kowa kasuwa ba. Masu saida shi ƙannenmu ne da matanmu, wata da ribar take biyan kuɗin lakwal na ɗiyanta, kuma yawancinsu abin da aka gaya musu suke maimaitawa. Gare ku muke magana yanzu, Hajiya. Ki sayo kaɗan kaɗan gwargwadon abin da za ki saida cikin wata ɗaya ko biyu. Ki bar shi a kwalbarsa ta asali in da hali. In dole sai kin ɗura, ki tafasa kwalaben gilashi masu duhu da mazurarin, su bushe sarai, ki rubuta ranar da kika ɗura da hannunki. Ki ajiye a firji, in babu ki sa shi a gindin randa cikin ɗaki. Ki gaya wa mai saye ta gwada a bayan kunne ko cikin hannu ta kwana ta gani. Kuma wadda ta zo miki da kai mai santsi ko fuska mai ruwa, ki ce mata ta je asibiti, kada ki karɓi kuɗinta. Za ta dawo ta sayi humra wajenki, kuma za ta turo wasu.

Abin da ke ba mu haushi a ƙarshe shi ne yadda muke biyan kuɗin mota da na duwan don a kawo mana ruwa daga bakin teku, ya iso a gajiye. Na'ana'a tana nan a garake, ga ɗoɗɗoya, ga ciyawar shayi mai ƙamshin lemun tsami, ga ganyen turare da ke zuba a bakin hanya. Dukansu suna ba da irin wannan ruwan. Ko a gida ana iya gwadawa: a zuba ganye da ruwa a tukunya, a ɗora ƙaramin kwano bisa wani abu a tsakiya yadda ruwan ba zai shiga ba, a kifa murfin a juye, a zuba ƙanƙara a samansa, a bar wuta ƙasa-ƙasa. Tururin zai taru a jikin murfin ya ɗiga cikin kwanon. Ba zai kai na masana'anta ƙarfi ba, amma kin san ranar da aka yi shi da hannun da ya yi shi. Maƙeranmu da ke ƙera tukwanen alminiyom da injin gyaɗa ba za su kasa haɗa tukunya da bututu ba idan ƙungiyoyin mata suka nema. Idan akwai wata ƙungiya a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa da ta riga ta fara, ku sanar da mu a ƙasan wannan rubutun, za mu zo mu gani da idonmu.